Yadda Sashen Turanci Zai Horar da Ɗaliban Babban Digiri Su Iya Koyarwa

Ɗalibin da ke digiri na biyu ko na uku a sashen Turanci yakan kai matsayin da zai feɗe waƙa baiti-baiti, ya rubuta shafi talatin a kan ra'in adabi. Amma ranar da aka miƙa masa sunayen 'yan shekarar farko 25 da lambar ɗakin karatu, sai ka same shi a gaban allo yana karanta takardar da ya rubuto har minti 50 su ƙare. Masanin zamantakewa Dan Lortie ya ƙiyasta a 1975 cewa kafin yaro ya gama sakandare ya shafe kusan awa 13,000 yana kallon malamai, shi ya sa kowa ke jin ya san koyarwa. Sai dai daga kujerar ɗalibi fuskar aikin kawai ake gani. Ba a ganin abin da malamin ya zaɓa ya bari, ko dalilin da ya sa ya yi wannan tambaya kafin waccan. Saboda haka sabon malami yakan kwaikwayi ajin ƙarshe da ya zauna, wato zaman manyan ɗalibai takwas da suka karanta komai, ya kai wannan salon gaban waɗanda jiya-jiya suka shigo jami'a.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da fannin Turanci. Wanda ya ƙware a adabin ƙarni na 19 da wuya a fara ba shi kwas ɗin adabin ƙarni na 19. Abin da zai fara riƙewa shi ne kwas ɗin rubutu da sarrafa harshe, wanda mafi yawan aikinsa duba rubutun ɗalibai ne. Duk horon da bai sa wannan a tsakiya ba, ya shirya mutum ne don ajin da ba shi zai shiga ba.

Mataki na farko: a san mai alhaki, a ƙirga awanni

Sashe ya ware malami ɗaya mai kula da shirin horon, a rage masa nauyin koyarwa saboda wannan aiki, kuma a ba kowane jagora masu koyo huɗu ko biyar kacal. In aka ce aikin na kowa ne, ba wanda zai yi shi. Jami'o'in Amurka sun ga wannan giɓi tun tuni, har a 1993 Majalisar Makarantun Manyan Digiri da Ƙungiyar Kwalejoji da Jami'o'in ƙasar suka ƙaddamar da shiri na musamman don shirya ɗaliban digiri na uku su zama malaman jami'a.

Sannan a zauna da biro a yi lissafi kafin a raba azuzuwa. Aji mai ɗalibai 25, kowa zai rubuta insha'i huɗu, takardu 100 ke nan. In kowace ta ci minti 20, an tafi da awa 33 da ɗoriya. In ana karɓar daftari kafin kammalallen rubutu, kamar yadda ya kamata, awannin sun ninka zuwa kusan 67, wato kamar awa biyar kowane mako a zangon mako 14. A haɗa da awa uku na aji, awa takwas na shiri (sabon malami yakan buƙaci awa biyu zuwa uku don kowace awa ɗaya ta darasi), awa biyu na ganin ɗalibai a ofis, da zaman horo na awa ɗaya da rabi. An kusa awa 20 a mako a kan aji ɗaya tak. Sashen da ya ba sabon shiga aji biyu ya sani ɗaya cikin biyu zai faru: ko kundin digirinsa ya tsaya cik, ko ya koma yi wa takardu maki ba tare da ya karanta su ba.

Mataki na biyu: kallo da takarda a hannu

A zangon da ke gabanin wanda zai fara koyarwa, mai koyo ya zauna a aƙalla darussa uku na malamai daban-daban, a irin kwas ɗin da za a ba shi. Kada a tura shi hannu rabbana, don zai dawo ya ce "darasin ya yi kyau" kawai. A ba shi takarda mai layi uku: lokaci, abin da malami ke yi, abin da ɗalibai ke yi. Kowane minti biyar ya rubuta. A darasi na biyu ya zana taswirar ajin, ya ɗiga alama a kujerar duk wanda ya yi magana. A na uku ya kwafi kowace tambaya da malamin ya yi, kalma da kalma. Layi na uku ne ke buɗe ido. Mai koyo yakan sha mamaki in ya ga ya rubuta "suna saurare" sau takwas a jere, ko ya ga alamun duka sun taru a kujeru huɗu na gaba. Bayan kowane darasi a ba shi minti 15 da malamin ya tambaye shi me ya shirya yi, kuma me ya canza a tsakiya.

Mataki na uku: makon share fage da koyarwar gwaji

Kwana biyar kafin buɗe zango sun isa, muddin ba a cika su da laccoci a kan ra'o'in koyarwa ba. Wanda zai shiga aji ranar Litinin yana buƙatar tsarin darussan mako biyu na farko a hannunsa, da dokokin sashe, da sanin wanda zai kira in wani abu ya ɓaci. A shekarar farko a ba kowa manhaja ɗaya da ayyuka iri ɗaya. Barin sabon malami ya tsara kwas daga tushe nauyi ne da bai kai ɗauka ba tukuna, kuma manhaja ɗaya ita ke sa zaman mako-mako ya yi amfani, tunda kowa na kan darasi ɗaya.

Kwana biyu daga cikin biyar ɗin na koyarwar gwaji ne, dabarar da Dwight Allen da abokan aikinsa suka ɓullo da ita a Jami'ar Stanford a 1963. Mai koyo ya koyar da abu ɗaya ƙarami cikin minti bakwai zuwa goma, misali yadda ake shigar da maganar wani marubuci cikin sakin layi, sauran biyar ko shida su zama ɗalibansa. A ɗauka da waya. Shi zai fara magana bayan ya gama: me ya so su iya, kuma ta yaya ya san sun iya. Sannan kowa ya faɗi abu ɗaya da ya yi aiki da abu ɗaya da za a gyara, da misalin minti nawa ya faru. Ya kalli bidiyon shi kaɗai da dare, washegari ya sake koyar da darasin. Wannan maimaicin shi ne ƙashin bayan dabarar, kuma shi aka fi yawan tsallakewa don ƙurewar lokaci. In ba a sake ba, suka kawai aka yi masa, bai samu damar jin bambancin a jikinsa ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mataki na huɗu: shirya darasi daga ƙarshe

Sabon malami yakan fara da tambayar "me zan faɗa?" A juya masa ita: me ɗalibai za su iya yi in sun fita, wanda ba su iya ba da suka shigo? Grant Wiggins da Jay McTighe sun yaɗa wannan tsari a 1998: a fara da sakamako, sai shaidar da za ta nuna an kai gare shi, sai a ƙarshe ayyukan aji. A hana shi kalmomin "fahimta" da "sanin muhimmanci" a manufar darasi, domin ba a ganinsu da ido. "Za su fitar da jigon sakin layi su rubuta shi cikin jimla ɗaya" manufa ce da za a iya dubawa kafin a tashi.

Darasin minti 50 yakan ɗauki manyan ayyuka uku, ba fiye ba, ban da ɗan rubutun buɗewa da na rufewa. Misali: minti biyar kowa ya rubuta amsar tambaya ɗaya a kan abin da aka karanto, minti goma malami ya nuna dabara a allo da misali, minti 20 ɗalibai su gwada biyu-biyu yana zagayawa, minti goma a duba aikin mutum biyu tare, minti biyar na ƙarshe kowa ya rubuta abin da bai gane ba ya miƙa. Kuskuren da aka fi yi shi ne shirya abin da zai ci awa biyu, don tsoron kada lokaci ya ragu a rasa abin faɗa. Maganinsa, ya sa alama tun a gida a kan aikin da zai yanke in lokaci ya ƙure, ya kuma ajiye ƙaramin aiki ɗaya na ko-ta-kwana.

Mataki na biyar: tattaunawa a kan matani

A nan ne ɗalibin adabi ke zaton ya fi ƙarfi, a nan kuma ya fi tuntuɓe. Zai shigo ya ce, "To, me kuka gani a labarin?" Shiru. Daƙiƙa biyu ba su cika ba sai ya amsa da kansa, daga nan lacca ta fara, ajin kuma ya gane cewa in aka yi shiru malam zai yi aikin. Mary Budd Rowe ta auna wannan a farkon shekarun 1970, ta samu malamai na jiran kusan daƙiƙa ɗaya bayan tambaya, kuma da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi sun ƙara tsawo, masu amsawa sun ƙaru. A koyarwar gwaji a sa wani ya riƙa ƙirgawa, domin daƙiƙa biyar a gaban aji mai shiru takan yi wa sabon malami tsawon minti guda.

Ita kanta tambayar sai an gyara. Mai faɗi da yawa ba ta da bakin kamawa, wadda kuma malami ya ɓoye amsarta ɗaya a ransa takan mai da darasi wasan cinke. Tambaya mai aiki tana nuna wuri: "Ku buɗe shafi na 12. A sakin layi na biyu mai ba da labari ya daina cewa 'mu' ya koma 'su'. Me ya faru tsakanin jimlolin nan biyu?" A ba su minti biyu su rubuta, minti biyu su faɗa wa na kusa, sannan a buɗe wa aji, tsarin da Frank Lyman ya fitar a 1981. Mai kunya da ya riga ya rubuta wani abu ya fi sauƙin buɗe baki. A koya wa mai koyo jimloli uku da zai riƙe kamar makami: "Nuna mana a ina ka ga haka," "Wa ke da wani karatun daban?" da "Maimaita abin da ta faɗa da kalmominka." In amsa ta kauce, kada ya ce "madalla" ya wuce don gudun kunyata ɗalibi. Ya mai da shi ga matanin, matanin ya gyara shi.

Mataki na shida: duba rubutu da ba da maki

Wannan ya cancanci kashi ɗaya cikin uku na dukan horon. A fara da nuna wa masu koyo cewa maki ba abu ne da ido ke gani kai tsaye ba. A 1961 Paul Diederich da abokan aikinsa sun ba mutane 53 insha'i 300 su jera su a mataki tara, ba tare da an ba su ma'auni ba. Insha'i 101 sun samu kowane maki daga ɗaya har tara. Masu karatun nan masu ilimi ne, kowa dai abin da yake dubawa daban: wani ra'ayi, wani tsari, wani nahawu.

Saboda haka kafin kowane babban aiki a yi zaman daidaita maki na awa ɗaya da rabi. A ɗauko insha'i biyar na shekarun baya, a goge sunaye. Kowa ya yi maki shi kaɗai da ma'aunin sashe, mai ɓangarori huɗu ko biyar: hujja, shaida daga matani, tsari, harshe, ambaton madogara. A rubuta makin kowa a allo kafin a yi wata magana. A bar takardun da aka yi ittifaƙi a kansu, a tsaya a kan wadda aka fi saɓani. Kusan kullum ita ce mai tsabtataccen Turanci da ba ta ce komai ba, ko mai tunani mai kyau cike da kurakurai. Sai sashe ya faɗi matsayinsa a fili a kan waɗannan biyun, in ba haka ba ɗalibai biyu masu aiki iri ɗaya za su samu sakamako daban saboda kawai ajin da suka faɗa.

Sai sharhi. Sabon malami yakan zauna da takarda ɗaya minti 50, ya cika ta da jan biro, ya gyara kowace jimla yadda shi zai rubuta ta. Nancy Sommers ta nazarci sharhin malamai 35 ta wallafa sakamakon a 1982. Ta ga abubuwa biyu: sharhi yakan janye ɗalibi daga abin da yake son faɗa zuwa abin da malami ke so, kuma yawancinsa na gama-gari ne, za a iya ɗauke shi daga wannan takarda a manna a waccan. Ga yadda abin yake a kusa. A gefen sakin layi ɗaya malami ya gyara waƙafi huɗu da rubutun kalma biyu, a ƙasa kuma ya rubuta "wannan sakin layin bai da alaƙa da hujjarki." Ɗalibar ta rasa na kamawa: ta goge sakin layin ne, ko ta gyara waƙafinsa? Za ta gyara waƙafi, don shi ya fi sauƙi, ta bar matsalar a inda take.

Tsarin da za a koya masa shi ne: ya karanta takardar gaba ɗaya cikin minti uku ba biro a hannu. Ya zaɓi matsaloli biyu, ko uku in ya yi yawa, ya fara da mafi girma. Ya rubuta sharhi a matsayin mai karatu, ya nuna wuri: "A shafi na biyu kin ce jarumin ya yi nadama, amma maganar da kika ciro tana nuna fushi. Wanne kike nufi?" A ƙarshe jimla uku ko huɗu: abin da ya yi kyau takamaimai, da abin da za a fara gyarawa. Ya sa agogo, minti 20 ya tashi daga takardar. A daftari a fi ba sharhi ƙarfi, maki babu. A kammalallen aiki maki da gajeren bayani sun isa, tunda ba sauran damar gyara.

Kurakuran harshe kuma akwai hanyar Richard Haswell ta 1983: a sa 'yar alama a gefen layin da ke da kuskure, ba a nuna kuskuren ba, ɗalibi ya nemo ya gyara kafin a rubuta masa maki. A azuzuwansa ɗalibai sun gyara fiye da rabin kurakuran da kansu. Abin da ya rage bayan haka shi ne ainihin abin da ba su sani ba, shi ya cancanci darasi.

Mataki na bakwai: nahawun da ya iya amma bai iya bayyanawa ba

Mutane da yawa masu kyakkyawan Turanci ba za su iya faɗin dalilin da ya sa ake sa "the" a nan a bar ta a can ba. Ɗalibi zai tambaya, musamman wanda Turanci ba harshensa na farko ba ne, kuma "haka ake faɗa" ba amsa ba ce. A ware zama uku ko huɗu a kan abubuwan da suka fi yawan fitowa: "a" da "the", dacewar aikau da fi'ili, lokutan fi'ili, da jimlolin da aka haɗa da waƙafi inda aya ta kamata. A gargaɗe shi kuma kada ya mai da kwas ɗin rubutu kwas ɗin haddar dokoki. Rahoton Richard Braddock da abokansa na 1963 ya nuna koyar da nahawu a ware ba ya wani inganta rubutu. Minti goma a kan jimloli uku da aka ciro daga takardun ajin, ba sunaye, sun fi amfani.

Mataki na takwas: ajinsa na kansa, da ido a kansa

Da zango ya fara, a riƙa zaman mako-mako na minti 90: rabin awa a kan abin da ya faru a makon jiya, awa ɗaya a kan darussan mako mai zuwa. Jagora ya shiga ajin kowa sau biyu, wajen mako na huɗu da na goma. Kafin ya shiga su gana, ya tambaya, "Malama, me kike so in duba miki?" A aji ya zauna baya, kada ya sa baki ko da ya ga kuskure, don ranar da ya gyara ta a gaban ɗalibai ya rushe mata aji. Cikin kwana biyu su zauna, ya karanta mata abin da ya rubuta: "Daga minti na 12 zuwa na 31 ke kaɗai kika yi magana." Su tsayar da gyara ɗaya, wanda zai dubo a ziyara ta biyu.

Abu ɗaya da muke ganin bai kamata a yi sassauci a kansa ba: wanda ke jagoranci kada ya zama shi ke yanke hukuncin sabunta aiki ko tallafin karatu. In aka haɗa su, mai koyo zai ɓoye matsalarsa, ya shirya darasin nuni ranar ziyara. A mako na biyar ko na shida kuma a raba wa ɗalibai 'yar takarda ba suna: me ke taimaka maka, me ke hana ka, me za a canza. Malamin ya dawo ya faɗa wa ajin abin da zai canza da abin da ba zai canza ba, da dalili.

Mataki na tara: abubuwan da ke tayar da hankali

A yi su a matsayin wasan gwaji tun kafin su faru. Ɗalibi ya zo da fushi a kan maki: a ce ya jira awa 24, ya dawo da bayani a rubuce bisa ma'aunin. Ana zargin satar rubutu: malamin ya tara shaida, ya kai wa mai kula da shirin kafin ya tunkari kowa, kada ya yanke hukunci shi kaɗai. Tun fitowar ChatGPT, manhajar kwamfuta mai iya yi wa mutum rubutu, a Nuwamban 2022 wannan ya ƙara wuya, kuma manhajojin gano rubutun na'ura suna kuskure, don haka ba a kafa hukunci a kansu su kaɗai. Abin da ya fi tsare gaskiya shi ne ganin aikin yana girma: rubutun farko a aji, daftari, ganawar minti goma inda ɗalibi zai bayyana hujjarsa da baki. Ɗalibin da ya bayyana damuwa mai tsanani a rubutunsa kuma a san ofishin da za a haɗa shi da shi tun ranar. Da yake tazarar shekaru tsakanin malamin da ɗalibansa kaɗan ce, a faɗa masa ƙarara: ganawa a ofis ƙofa buɗe, saƙo ta adireshin makaranta, da lokacin da yake amsawa.

Shekara ta biyu zuwa gaba

A sassauta riƙon a hankali. A shekara ta biyu ya canza aiki ɗaya ko biyu a manhajar, ya rubuta dalili. Daga nan ya taimaka wa babban malami a kwas ɗin adabi, ya gabatar da lacca ɗaya ko biyu. A shekarar ƙarshe ya tsara kwas nasa, ya kuma zauna a ajin sababbin shiga a matsayin ƙaramin jagora. Tun zangon farko ya buɗe fayil yana ajiye manhajoji, takardun aiki, takardun ɗalibai uku da sharhinsa a kansu bayan ya nemi izininsu ya goge sunaye, rahoton ziyarar jagora, da ra'ayoyin ɗalibai. Daga cikin fayil ɗin zai ciro bayanin salon koyarwarsa na shafi ɗaya ko biyu da masu ɗaukar aiki ke nema, kowace da'awa da misalinta daga aji. Mai duba kundinsa kuma a ba shi jadawalin makonnin karɓar insha'i tun farkon zango, don kada ya sa ranar miƙa babi ta faɗo a makon da takardu 25 ke jiran maki.